Wa Ke Da Alhakin Lafiyar Ɗan Dako?

A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta samu gindin zama a manyan kamfanoni da bankuna na birnin Ikko, wato abin da suke kira shirin kula da lafiyar ma'aikata. Kamfani yakan ware rana guda ya gayyato likitoci su auna jinin ma'aikatansa, su duba sukari da nauyi da idanu. Wani yakan biya musu kuɗin zuwa gidan motsa jiki. Wani kuma ya fito da su ran Asabar da sassafe, kowa sanye da riga mai tambarin kamfani, a yi tattaki a titunan Ikoyi da Victoria Island, a ɗauki hotuna, a watse. Ba mu ga laifin wannan ba. Duk maigidan da ya tuna cewa ma'aikacinsa ɗan Adam ne mai jini da tsoka ya cancanci yabo.

Amma mu da muke rubutu domin mutanen Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da Ijora, tilas mu dubi al'amarin ta wajen da ya shafe mu. A daidai lokacin da ake tattakin nan, mai gadin ƙofar bankin yana cikin sa'arsa ta goma sha biyu a bakin aiki, kuma ba wanda ya kira shi a auna jininsa, domin shi ba ma'aikacin banki ba ne, wani ɗan kwangila ne ya kawo shi. Ɗan dakon da ya fara sauke kwandunan tumatir a Mile 12 tun kafin kiran assalatu ba ya bukatar a koya masa motsa jiki. Mahaucin kwatar Oko-Oba da direban tankar da ya kwana huɗu a kan layi a Apapa ba su taɓa jin labarin shirin ba, balle su sa rai da shi. Su ne mafi yawan ma'aikatan garin nan, su ne kuma aiki ya fi cin jikinsu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya ba su da albashi irin na ofis, sana'ar hannu ce da aikin rana da ƙaramin ciniki ke riƙe da su.

Bari mu fara da shirin kansa, mu ga ko yana biyan bukata a inda aka ƙirƙiro shi. Daga Amurka ya taso, ƙasar da kamfanoni ke ɗaukar nauyin inshorar asibitin ma'aikatansu, saboda haka duk ciwon ma'aikaci yana taɓa aljihun mai kamfani. Kamfanin Johnson & Johnson ya buɗe nasa shirin tun 1979, saura suka bi sahu, aka yi ta yayata cewa duk dalar da aka kashe za ta komo da riba. Da aka zo aka ɗora maganar a kan sikeli, sai ta yi sauƙi. A 2019 wasu masana biyu, Zirui Song da Katherine Baicker, suka buga sakamakon gwajin da suka yi a wani babban kamfanin kantuna mai ma'aikata kimanin 33,000. An jefa ƙuri'a aka ba wasu rassa shirin, aka bar sauran yadda suke. Bayan wata 18, waɗanda aka ba shirin sun fi faɗa da bakinsu cewa suna motsa jiki kuma suna lura da ƙibarsu. To amma da aka auna jininsu da nauyinsu, aka lissafa kuɗin asibiti da kwanakin fashin aiki, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Wani gwajin da aka yi a Jami'ar Illinois a kan ma'aikata kusan 5,000 ya gano cewa masu rige-rigen shiga shirin su ne waɗanda da ma can suka fi ƙoshin lafiya, masu ƙaramin albashi kuwa ba su cika shiga ba.

Ashe ke nan ko a ƙasar masu kuɗi, yi wa ma'aikaci wa'azin cin ganye da rage tumbi bai wadatar ba. Abin da ya fi kashe ma'aikaci yana cikin aikin kansa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da lissafin haɗin gwiwa, wanda ya nuna cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum kusan miliyan 1.9 ne suka mutu a duniya ta dalilin aikinsu. Abin mamaki, ba faɗowa daga bene ko haɗarin inji ne ya fi ɗibar rayuka ba. Tsawon lokacin aiki ne. Mutum 745,000 suka mutu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki saboda yin aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Wanda yake irin wannan aiki, haɗarin shanyewar jiki a kansa ya ɗara na mai aikin sa'a 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari.

Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Mai gadin da ke kama aiki ƙarfe shida na yamma ya tashi shida na safe, kwana bakwai a mako, yana yin sa'a 84. Da yawa ma ba su da lokacin tashi, domin a ɗan ɗakin bakin ƙofa suke kwana, su ne buɗe ƙofa da tsakar dare, su ne wankin mota da asuba, su ne aiken kasuwa da rana. A gefen wannan ɗaki kuma ake ajiye janareta. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kama jininsa, sai dai da safe a ga bai fito ba. Irin wannan mutuwa akan ce kwana ne ya ƙare, a yi jana'iza, maigida ya ba da ɗan abin sadaka, mako na zagayowa a kawo wani yaron daga gida a sa shi a ɗakin, janareta kuma yana nan inda yake. Mun yarda kowa da ranarsa. Amma matsar da janareta nesa da tagar ɗakin barci bai fi ƙarfin kowane maigida ba.

Mu leƙa kwata. Mayankar Oko-Oba da ke Agege ita ce mafi girma a Jihar Legas, kuma tun daga masu sauke shanu daga tirela har zuwa masu fiɗa da masu wankin kayan ciki da masu babbakar ganda, 'yan'uwanmu ne da yawa a ciki. Mutum yakan wuni tsaye cikin jini da ruwan tumbi da silifas a ƙafarsa, wuƙa a hannu, babu safar hannu, babu takalmin ruwa. In ya yanke, sai ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, domin ranar da bai yi aiki ba babu cefane. Alhali kuwa dabba tana da cututtukan da ke tsallakowa zuwa jikin mutum. Akwai bakkale, wanda makiyaya suka sani da sa saniya ɓari, a jikin mutum kuwa yakan zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin cizon sauro a banza. Akwai tarin fuka na shanu. Akwai ciwon saifa, wanda hukuma ta tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja a watan Yuli na 2023, kuma mai fiɗa ne farkon wanda yake haɗuwa da shi. Masu babbaka da tsofaffin tayoyi kuwa suna shaƙar baƙin hayaƙin da ko a nesa yake sa ido hawaye.

A watan Yuni na 2025 Gwamnatin Jihar Legas ta rufe wannan mayanka na ɗan lokaci saboda ƙazanta da zubar da ruwan yanka a magudanun gari. Ba mu ce gwamnati ba ta da hujja ba. Abin da ya ba mu takaici shi ne duk surutun da aka yi a lokacin a kan lafiyar mai cin nama ne da maƙwabtan unguwa. Wanda yake wuni a cikin ƙazantar, wanda shi ne ya fi kowa shaƙarta, ba a cika ambatonsa ba sai a matsayin mai laifi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A Mile 12 da sauran kasuwannin kayan gwari labarin na baya ne da ƙugu da gwiwa. Buhun da ya kai nauyin mai ɗaukarsa, ko ya fi, shi ake ɗora wa yaro ɗan shekara ashirin a ka ya bi ta cikin taɓo. Kafin ya kai arba'in ƙaba ta fito, baya ya riƙe. Domin jiki ya yarda ya tashi gobe, sai a nufi mai tallar magani a sayi ƙwayar kashe gajiya, yau ɗaya, gobe biyu. Ta wannan ƙofa taramol ya shiga cikin 'yan dako da 'yan acaɓa da masu tura kura. Binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. Muna goyon bayan a kama dillalan ƙwaya. Sai dai in an kama mai sayarwa an bar buhun da nauyinsa, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Direbobin tirela da tanka nasu ya shafi kowa. Tsakanin Kano da Ikko tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma mai kaya yana ta buga waya kada tumatir ya ruɓe ko shanu su galabaita. Direba ya zauna wuri ɗaya kwana biyu, abincinsa na bakin hanya, barcinsa a ƙarƙashin mota, goro da shayi da lemun ƙarin kuzari su ne ke riƙe idonsa. Mutum nawa ne a cikinsu aka taɓa auna wa jini ko aka gwada ƙarfin ganinsu? Wanda jininsa ya hau bai sani ba, kuma yana jan lita dubbai ta man fetur a tsakiyar gari, lafiyarsa ta zama lafiyar dukan wanda ke kan titi. Mutanen Ikko ba su manta da gobarar tankar gadar Otedola ta ranar 28 ga Yuni 2018 ba, wadda ta cinye motoci fiye da hamsin. Kowane irin dalili ne ya jawo wancan haɗari, ya isa ya nuna abin da tanka ɗaya take iya yi.

Sai 'yan gwangwan da 'yan bola jari masu fasa tsofaffin baturan mota da hannu. Dalmar da ke cikin batir ita ce gubar da ta hallaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, kuma iyayensu ne suka kai ta gida cikin duwatsun zinariya ba tare da sun sani ba. Wanda ya koma ɗaki da kayan aikinsa a jiki, ya ɗauki ɗansa kafin ya yi wanka, hanya ɗaya ya bi da su.

Tun shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya shawarci likitoci da su riƙa tambayar majinyaci sana'arsa. Shekara ɗari uku ke nan da 'yan kai, har yau mahauci yakan je asibiti da zazzaɓi ya fito ba a tambaye shi abin da yake yi ba, shi ma bai ga dalilin faɗa ba.

To wa ke da alhaki? Ga masu aiki a ƙarƙashin wani, doka ta riga ta amsa, ko da yake yawancinmu ba mu san da ita ba. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce wanda ya yi aikin sa'a shida ko fiye a rana yana da hutun da bai gaza sa'a ɗaya ba, kuma a cikin kowane kwana bakwai yana da hutun kwana ɗaya cikakke. Ta ce ma'aikacin da ya kwanta ciwo, in likita ya shaida, za a biya shi har kwana 12 a shekara. Ta ce cikin wata uku da kama aiki a ba shi takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta tsabta da iska da haske da ruwan sha da wurin wanke hannu da akwatin agajin gaggawa, ta kuma hana kulle ƙofa yadda na ciki ba zai iya buɗewa ba. Da an bi wannan, da gomman ma'aikatan da suka ƙone a wata masana'antar roba a Ikorodu a watan Satumba na 2002, cikin aikin dare, ƙofofi a garƙame, ba su mutu irin wannan mutuwa ba.

Wadda ta fi muhimmanci a sani ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010. A ƙarƙashinta kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Daga asusun ake biyan magani da diyya ga wanda ya ji rauni, ko ya nakasa, ko ya kurmance, ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki, a kuma biya iyalin wanda ya mutu. Har haɗarin da ya samu mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida yana ciki. Dokar ta ambaci ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo da yaron gida, ta ce ko da baki aka yi yarjejeniya ta ɗauru. Amma tana da wa'adi: a sanar da maigida cikin kwana 14, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Ɗan'uwanmu da inji ya cinye wa yatsu a Ikeja ko Ogba, aka ba shi kuɗin mota aka ce ya je gida ya yi jinya, ya kuwa tafi ƙauye wajen mai ɗori ya shekara, ya yi asarar haƙƙinsa bai sani ba.

A kan takarda Nijeriya ba ta da laifi. Ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 game da lafiya da kariya a wurin aiki tun 1994. Jihar Legas tana da hukumar kiyaye haɗurra tata ta kanta. Abin da ya rage shi ne masu zagayawa su duba. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da in aka ce ga shi nan tafe, kowace mata sai ta leƙa randarta. Yau masana'anta takan shekara ba ta ga sufeto ba, in ma ya zo, tarar da ke cikin dokar ta kuɗin 1987 ce, wadda mai kamfani zai biya daga aljihun rigarsa yana dariya. Muna kira ga Majalisar Tarayya da ta sabunta wannan doka, ga Ma'aikatar Ƙwadago kuma da ta bayyana wa jama'a sufetoci nawa gare ta a Jihar Legas, da wuraren aiki nawa suka shiga bara. Kamfanin da ke da kuɗin buga riguna domin tattaki kuma ya fara da masu gadi da masu shara da direbobin da 'yan kwangila suka kawo masa.

Wannan duk na masu maigida ne. Ɗan dako fa, da mai ga-ruwa, da mai wankin takalma, da mai yankan farce? A nan maganar ta dawo gida, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Zangon Agege bai kafu da taimakon gwamnati ba. Goro ne ya jawo kakanninmu, jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911 ya sauƙaƙa musu hanya, shanu suna gangarowa, goro yana hawa. A wancan zamani baƙo ba ya sauka a titi. Yana da maigida wanda zai ba shi masauki da abinci, ya tsaya masa a ciniki, in ya kwanta ciwo ya nemo masa magani, domin daga la'adar cinikinsa maigidan yake ci. Wanda ya karɓi la'ada shi ne ya ɗauki nauyi. Yau la'adar tana nan, har ta ƙaru. Babu kasuwa ko tasha ko kara da ba a yankar tikiti kullum, babu motar da ke sauke kaya ba ta biya ba. Nauyin ne aka sauke. Muna tambayar shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na mahauta da na direbobi: daga cikin abin da kuke tarawa kowace rana, nawa ne ke komawa ga jikin waɗanda suka biya? Ƙungiyar da ke karɓar kuɗi daga hannun ɗan dako kafin ya ɗauki kaya ita ce maigidansa, ko ta yarda ko ba ta yarda ba.

Abin da ake bukata ba gidan motsa jiki ba ne. Famfo ne mai ruwa da sabulu, da makewayi mai tsabta, musamman ga wanda ya tuna annobar amai da gudawa da ta auka wa Ikko a damanar 2024. Rumfa ce da mutum zai miƙe bayansa ya yi barcin sa'a ɗaya. Baro da kura ne na ƙungiya, da ƙa'idar nauyin da ba za a ɗora wa mutum ɗaya fiye da shi ba. Takalmin ruwa da safar hannu ne ga 'yan kwata, a sayo su a sari a raba a farashin sari. Allurar rigakafin sarƙewar haƙora ce ga duk mai aiki da wuƙa ko tsohon ƙarfe, da ta ciwon hanta ga wanzamai da masu yankan farce, tunda binciken 2018 ya nuna kimanin mutum takwas cikin ɗari na manya a ƙasar nan suna ɗauke da nau'in ciwon hantar da ke bin jini. Sannan ɗaki ɗaya a cikin kasuwa, da malamin asibiti mai jin Hausa da zai zauna ko da kwana biyu ne a mako, da na'urar awon jini wadda kuɗinta bai kai na rago ɗaya ba.

Awon jinin nan muna so a ɗauke shi da gaske. Kimanin mutum uku cikin goma na manya a Nijeriya suna da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba, domin ciwo ne da ba ya sallama. Dattijo yana zaune a rumfarsa yana ƙirga kuɗi, sai baki ya karkace, hannu ya saki, a ce iska ce ta buge shi. Amma darasin gwajin Amurka yana nan: awo kaɗai ba ya warkarwa. Mun sha ganin 'yan siyasa da kamfanoni sun kafa rumfa rana ɗaya, an auna mutane, an raba maganin kwana uku, an naɗe tabarma. Hawan jini da ciwon sukari magani suke so na kullum, da wanda zai sake dubawa wata mai zuwa. Haka tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati amma sai an sha wata shida cur. A ɗakin da samari goma sha biyar ke kwana, wanda ya yi mako biyu yana tari ba shi kaɗai abin ya shafa ba.

A nan ne inshora ta shigo. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fitowa kai tsaye, shi ya sa ciwo ɗaya ke cinye jarin shekara goma. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin ƙasa. Jihar Legas tana da nata shirin, Ilera Eko, a hannun hukumar LASHMA. Lokacin da aka ƙaddamar da shi a ƙarshen 2018, kuɗin mutum ɗaya naira 8,500 ne a shekara, wato bai kai naira 25 a rana ba. An ƙara kuɗin daga baya, amma ko da ya ninka sau uku bai kai naira 100 a rana ba. Mutum ɗaya ba zai iya cire kuɗin shekara a dunƙule ba. Ƙungiyar da ke yankar tikiti kullum kuwa tana iya tarawa ta biya wa 'ya'yanta gaba ɗaya, ta kuma fi ƙarfin a wulaƙanta ta a bakin tagar asibiti.

Gwamnatin Legas ita ma da nata. Mutumin da ke biyan haraji da tikiti a jihar nan shekara ashirin mazaunin jihar ne, kada takardar shaidar zama ta zama shingen da zai hana shi rajista. A yi bayanin shirin da Hausa, a rediyo da masallatai da fadar sarakunan Hausawa. Abin kunya ne a ce asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana tsakiyar Idi-Araba, babban asibitin Orile-Agege yana nan kusa da zango, amma mutanenmu sun fi sanin hanyar kemis saboda tsoron turanci da tsawar ma'aikata. Gwamnonin Arewa kuma su zauna da na Legas a samo hanyar da katin ɗan ci-rani zai yi aiki a nan da can, domin rabin shekara yana Kurmi, rabi yana gona, iyalinsa kuwa suna Kazaure ko Illela ko Gumel.

Saura mu kanmu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna da wata ɗabi'a ta ɓoye ciwo har sai ya kayar da mu, muna ganin zuwa asibiti da ƙafa ragwanci ne. Amma ranar da mutum ya faɗi, kafin la'asar an zagaya da kwano an haɗa kuɗin motar da za ta kai shi gida, ko da rai ko ba rai. Wannan zumunci abin alfahari ne, ba mu ce a bari ba. Sai dai kuɗin motar mutum ɗaya daga Agege zuwa Sakkwato ya isa a sayi na'urar awon jini a kuma biya malamin asibiti na wata guda.

Saboda haka muna roƙon sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, tare da shugabannin kasuwanni da limamai, su kira taro a kan wannan magana kaɗai, ba tare da an haɗa ta da siyasa ko rikicin shugabanci ba. A gayyaci LASHMA da NSITF su zo su yi bayani a gaban jama'a, da tafinta. A yanke kason da za a riƙa cirewa daga kowane tikiti, a buɗe masa asusu dabam da sa hannun mutum uku, a riƙa liƙa lissafinsa a ƙofar ofishin ƙungiya kowane ƙarshen wata. Ranar 28 ga Afrilu ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta keɓe domin lafiya da kariya a wurin aiki. Kasuwar da ta buɗe ɗakin awonta kafin wannan rana ta zagayo, ta aiko mana da sunanta da yawan mutanen da aka auna da abin da aka kashe, za mu buga a wannan shafi. Wadda ta ce ba ta da hali kuma ta aiko mana da lissafin tikitinta na wata ɗaya, shi ma za mu buga.